Ƙunar ƙafa cikin dare: mi ke kawo ta, mi ya kamata mu yi?



Darasinmu na wannan karo a kan wani ciwo ne wanda ido ba ya gani. Mai shi yana noma, yana zuwa kasuwa, yana gaisawa da mutane lafiya lau. Amma in dare ya yi ya kwanta, sai tafin ƙafarshi ya kama ƙuna kamar ya taka garwashi. Ya haska fitila ya duba, ba rauni, ba kumburi. Ya gaya ma iyalinshi, su ce gajiya ce. Ya gaya ma abokai, wani ya ce sammu ya taka, wani ya ce zafi ne ya yi mashi yawa a jiki.

Likitoci sun san wannan ciwo. Yana da dalili, kuma akwai abin da ake yi mashi. Wanda ya je awo da wuri yana tsira da ƙafarshi. Wanda ya yi sakaci yana iya rasa yatsa, ko ma ƙafar ɗungum. Don haka mu karanta a hankali, mu gane, sa'annan mu gaya ma na gida.

1. Misalin magidanta biyu

A ce ga magidanta biyu masu garkar albasa a kwarin Tarka. Kowannensu ya haura shekara 50. Su biyun duka ƙafa ta fara yi masu ƙuna da dare.

Na farko ya je kasuwa ya sayi ƙwaya wurin mai talla. Da ba ta yi ba, ya je wurin wanzami aka yi mashi tsaga. Bayan shekara biyu ƙunar ta kwanta da kanta. Ya yi murna, ya ce ya warke. Ashe ƙafar ce ta daina ji. Wata rana ƙaya ta soke shi a garka, bai sani ba. Ya yi kwana da kwanaki yana ban-ruwa da ita cikin ƙafa. Sai da wari ya tashi matarshi ta lura. Da aka kai shi asibiti, aka tarar yana da ciwon sukari, ga gyambo ya ci har ƙashi. Dole aka yanke mashi yatsu. Albasar shekarar ta tafi wajen jinya.

Na biyu ya je gidan likita tun watan farko. Aka soki yatsan hannunshi aka auna jini. Shi ma aka tarar da sukari. Aka ba shi magani, aka gaya mashi abin da zai rage ci, aka koya mashi duba ƙafa. Ƙunar ba ta tafi duka ba, amma ta yi sauƙi, yana samun barci. Ƙafarshi kuwa tana nan da yatsunta biyar, yana shiga garka da ita.

Ciwonsu ɗaya ne. Abin da ya raba su, ɗaya ya nemi sanin dalili da wuri.

2. Mine ne wannan ciwo?

Da Hausa, abu uku muke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda muke gani a bayan hannu. Akwai jijiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, kamar agara. Akwai kuma jijiyar saƙo. Ita fara ce kamar zare. Tana tasowa daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, ta bazu ko'ina cikin jiki. Ita ce muke magana a kanta.

Jijiyoyin saƙo iri biyu ne: masu kauri da sirara. Masu kauri su ke motsa hannu da ƙafa. Sirara kuwa bakinsu yana cikin fata. Sun yi ƙanƙanta ƙwarai, sai da madubin likita ake ganin su. Su ke gaya ma ƙwaƙwalwa: ga zafi, ga sanyi, ga abu ya soke ka. Su ne kuma ke kula da zufa, da aikin hanji, da riƙon fitsari.

In wani abu ya lahanta siraran jijiyoyin nan, sai su riƙa aika saƙon ƙarya. Su ce ƙafa tana cikin wuta alhali ba wuta. Kamar kare ne mai haushi dare duka, ba ɓarawo. In lahanin ya daɗe, sai su mutu. Sa'annan karen ya yi shiru, ko ɓarawo ya shigo ba ya haushi. Wannan ya fi haɗari.

Don mi ciwon ke farawa daga ƙafa? Mai garka ya san amsa. In ruwa ya ƙaranta, fangalin da ya fi nisa da rijiya shi ke fara bushewa. Jijiyar da ke zuwa yatsun ƙafa ita ta fi kowace tsawo, ta kai mita guda. Don haka ita ke fara jin jiki.

3. Alamun ciwon

Ga yadda mutane suka saba faɗin abin da suke ji:

Ƙuna ko raɗaɗi a yatsu da tafin ƙafa, kamar an shafa barkono.

Suka kamar ta allura, ko kamar tururuwa na yawo cikin fata.

Abin ya fi tsanani da dare. Ko mayafi ya taɓa ƙafar sai mutum ya zabura.

Yakan kama ƙafa biyu tare. Yana hawa sama sannu sannu, cikin watanni ko shekaru. In ya kusa gwiwa, yatsun hannu ma sukan fara.

Fatar ƙafa ta bushe, ta daina zufa, faso ya yi yawa.

Wasu suna ganin jiri in sun miƙe tsaye da sauri. Wasu cikinsu ya riƙa ɗaurewa ko zawo. Wasu maza kuma ƙarfinsu na aure ya ragu.

Da farko ƙarfin ƙafa ba ya raguwa. Mutum yana tafiya sarai, yana ɗaukar kaya. Shi ya sa na gida ba su yarda ciwo ne ba. Mu daina ce ma irin wannan mutum raggo ko mai raki. Ciwonshi na gaskiya ne.

4. Abubuwan da ke kawo shi

Ƙunar ƙafa alama ce. Aikin likita shi ne ya gano abin da ke ƙarƙashinta. Ga waɗanda suka fi yawa.

Ciwon sukari. Shi ne kan gaba. Sukari in ya yi yawa cikin jini yana lalata jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Kusan rabin masu ciwon sukari suna samun lahanin jijiya in ciwon ya daɗe. Wani ma sukarinshi bai kai na ciwo sosai ba, ya ɗan hau ne kawai, amma ƙafa ta riga ta fara ƙuna. Sauran alamun sukari su ne yawan fitsari, da yawan ƙishirwa, da rama ba dalili. Ba ciwon masu kuɗi da ƴan birni kaɗai ba ne. Yana kama talaka, yana kama siriri.

Ƙarancin cimaka mai gina jiki. Jijiya tana bukatar wasu abubuwa da ake kira bitamin B. Ana samun su cikin nono, da ƙwai, da kifi, da nama, da hanta, da wake, da gyaɗa, da hatsin da ba a surfe shi ya wuce kima ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1945, sojojin da Japan ta kama ta tsare sun daɗe ba su cin komi sai farar shinkafa. Da yawansu ƙafa ta kama su da ƙuna har ba su iya barci. A nan ƙasarmu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, masu ciki da masu goyo da tsofaffi su ya kamata a fi kula da tukunyarsu.

Giya. Tana lahanta jijiya da kanta, tana kuma hana jiki amfana da cimaka.

Wasu magunguna. Cikin maganin tarin fuka akwai wani mai suna isoniazid. Yana kashe ƙwayar tarin, amma yana iya sa ƙunar ƙafa. Likita yana haɗa shi da bitamin B6 don tsare jijiya. Wanda ke shan maganin tarin fuka ya ji ƙuna, kada ya daina sha. Ya koma ya faɗa. Haka ma metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl: shan shi mako da makonni ba da umurnin likita ba yana lahanta jijiya.

Kuturta. Ƙwayarta tana zama cikin jijiyoyin fata. Alamarta ta farko tabo ne mai haske a fata, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Ba gado ba ce, ba baki ba ne. Wani likita na ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayarta a 1873. Yau tana warkewa da magani na wata 6 ko wata 12. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta. Wanda ya fara sha ba ya ɗaukar ma kowa.

Ciwon sida, da ciwon ƙoda, da wasu cututtukan hanta da na maƙoshi, su ma suna kawo shi.

Maganin ƙwari na garka. Wasu irinshi guba ne ga jijiya. Mai feshi ya sa takalmi rufaffe, ya rufe hanci da baki, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Kada a zuba ruwan sha ko mai cikin galan ɗin.

Wani lokaci kuma a yi awo duka ba a ga dalili ba. Wannan yana faruwa ko a manyan asibitocin duniya. Duk da haka akwai maganin rage ciwon.

5. Abin da za a yi a gidan likita

A fara daga CSI mafi kusa. Abin da ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin gunduma, a Madawa ko Buza ko Keita. Daga nan akwai babban asibitin jaha a Tawa. Akwai asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, bisa hanyar Madawa zuwa Birnin Ƙonni. Akwai kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda ya daɗe yana kula da masu kuturta.

Na farko, tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Ku shirya amsa tun daga gida: yaushe ciwon ya fara? Ƙafa ɗaya ko biyu? Ina ya kai yanzu? Akwai mai ciwon sukari cikin dangi? Ku ɗauki duk maganin da kuke sha, har na kasuwa da na gargajiya, ku nuna. Mai shan giya ya faɗi gaskiya. Likita ba alƙali ba ne, kuma aikinshi ya hana shi tona asirin mara lafiya.

Na biyu, duba ƙafa da fata. Za a ce ku cire takalmi ku rufe ido. Za a taɓa ƙafa da abu mai tsini da abu mai sanyi, daga yatsu zuwa ƙwauri, a ce ku faɗi inda kuka ji. Wasu likitoci suna da wani ɗan zaren roba da suke danna wa a tafin ƙafa. Wanda bai ji shi ba, ƙafarshi tana cikin haɗarin gyambo. Za a duba bugun jini a ƙafa. Za a duba jiki duka don neman tabon kuturta, don haka kada kunya ta sa a ɓoye tabo.

Na uku, awon jini. Awon sukari ana yin shi da safe, bayan awa 8 ba a ci komi ba. Ruwa zalla ba ya ɓata shi, amma fura da koko da shayi suna ɓatawa. In injin ya nuna 1,26 ko fiye, aka sake wata rana ya nuna haka, to ciwon sukari ne. In ya nuna tsakanin 1,10 da 1,25, gargaɗi ne, ciwon yana bakin ƙofa. Wasu injina suna rubuta 126 maimakon 1,26. Abu ɗaya ne. Likita yana iya neman awon sida, da na ƙoda, da na ƙarancin jini.

A manyan asibitoci akwai injin da ke auna jijiya da lantarki. Shi masu kauri yake gani, ba ya ganin sirara. Don haka yana iya nuna lafiya lau alhali ƙafa tana ƙuna. A wasu ƙasashe ana yankar ɗan ƙanƙanin fata, milimita 3, kamar ƙwayar dawa, daga saman idon sawu, a ƙirga siraran jijiyoyin da madubi. Amma yawancin mutane ba su bukatar wannan. Tambaya, da duba ƙafa, da awon jini sun isa a fara magani.

6. Magani hanya biyu ne

Hanya ta farko ita ce tare abin da ke lalata jijiyar. Mutanen Keita sun san wannan aiki. Tun 1984, lokacin babban aikin raya karkara na Keita, maza da mata, musamman mata, sun yi ta ɗaukar duwatsu suna jerawa a kan tudu. Ba su jira ruwa ya gama yanke gona ba. Sun tare shi tun daga sama. Haka ake yi ma wannan ciwo.

Mai ciwon sukari ya sha maganinshi kullum, ko ya ji sauƙi. Ya rage sukari cikin shayi da fura da koko. Ya bar lemun kwalba. Ya rage yawan tuwo da shinkafa, ya ƙara wake da ganye, kamar zogale da kabeji da salati. Wanda aikinshi na zama ne, kamar tela da mai tebur da direba, ya yi tafiyar ƙasa ta minti 30 kowace rana. Kafin azumi ya nemi shawarar likita. Wanda ya daɗe yana shan metformin ya gaya ma likita in ƙafa ta fara ƙuna, don maganin yana iya rage bitamin B12.

Mai shan giya ya bari. Mai shan taba ya bari, don taba tana matse hanyoyin jinin ƙafa. Mai ƙarancin bitamin a ba shi wanda ya rasa. Amma kada mutum ya yi ta shan bitamin da kanshi, don B6 in ya yi yawa shi ma yana lahanta jijiya.

Jijiya tana gyaruwa a hankali ƙwarai. Ana maganar watanni ne. Wadda ta riga ta mutu da daɗewa ba lalle ta dawo ba. Shi ya sa zuwa da wuri ke da amfani.

Hanya ta biyu ita ce rage ƙunar. Parasetamol da sauran magungunan ciwon jiki ba su cika yi ma wannan ciwo aiki ba. Yana da nashi magunguna, kamar amitriptyline, da gabapentin, da pregabalin, da duloxetine. Likita kaɗai ke rubuta su. Ga abin da ya kamata a sani game da su:

Ana farawa da kaɗan, a ƙara sannu sannu.

Ba su aiki ranar farko. A ba su mako 2 zuwa 4.

Suna sa barci da jiri. Amitriptyline yana busar da baki, yana ɗaure ciki, kuma da dare ake shan shi. Mai tuƙa moto ko mota, da mai shiga rijiya, su yi hattara.

Tsoho, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon ƙoda, da mai wahalar fitsari, da mace mai ciki, su faɗa ma likita kafin ya rubuta.

Ba a daina su rana ɗaya, ba a kuma ba maƙwabci.

In ciwon ya ragu da rabi, mutum ya samu barci, to magani ya yi aiki. In wannan bai yi ba, a koma, akwai wani.

7. Abin da bai kamata ba

Tramol. Yana kwantar da ciwo na ɗan lokaci, sa'annan ya kama mutum har ya kasa aiki sai da shi. Yana sa faɗuwa irin ta farfaɗiya. Mun ga abin da ya yi ma samari da yawa.

Ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa. Shan su kullum yana cin ciki, yana lalata ƙoda. Waɗanda ake sha don ƙiba kuwa suna tada sukari.

Tsaga, da ƙaho, da lalas a ƙafa. Ƙafar mai sukari ba ta warkewa da sauri. Ƙaramin yanka yana iya zama gyambo.

Gasa ƙafa da ruwan zafi ko kusa da wuta. Fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Ƙanƙara. Wanda ke son sanyaya ƙafa ya sa ta cikin ruwan randa na ɗan lokaci, kamar minti 10, ya goge ta sarai. Kada ya kwana da ƙafa cikin ruwa, fata za ta ruɓe.

Lalle yana sanyaya ƙafa, gaskiya ne. Amma yana rufe launin fata, ba a ganin ja ko baƙin da ke nuna rauni ya fara. Baƙin lalle na kanti kuwa yana iya ƙone fata.

8. Tsaron ƙafa kowace rana

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ƙwayar cuta take da faso. Wanda ƙafarshi ta rage ji, idonshi ne zai yi aikin da jijiya ta daina.

Mai alwala yana wanke ƙafa sau da yawa a yini. Ya ware alwala ɗaya, ta safe ko ta la'asar lokacin da akwai haske, ya duba tafin ƙafa, da diddige, da tsakanin yatsu. Wanda ba ya gani sosai, ɗa ko jika ya duba mashi.

A goge tsakanin yatsu ya bushe.

A shafa man kaɗe ko man gyaɗa a diddige da tafin ƙafa. Ban da tsakanin yatsu.

Kada a yi tafiya ba takalmi, ko cikin gida. Ƙasar Adar dutse ce da ƙaya, rairayin bazara kuma yana toya ƙafa.

A kakkaɓe takalmi kafin a sa, a sa hannu a laluba. Tsakuwa, ko ƙusa, ko ƙarangiya suna iya kwana ciki. Takalmin da ya matse a bar shi.

A gwada ruwan wanka da gwiwar hannu kafin a sa ƙafa. Mai jego ma ta kula da wannan.

Lokacin ɗari a nisanta ƙafa da kaskon wuta. A kan moto a kula da bututun hayaƙi.

A yanke farce a miƙe, ba a shiga lungu ba. Kada a yi da rezar da wani ya yi aiki da ita. Kada a fere kaushi da wuƙa.

Ƴan bida masu tafiya Najeriya, ko Abijan, ko Libiya, su tafi da maganinsu da takardar likita. Kada magani ya yanke a hanya.

9. Alamun da ba a kwana da su

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti ranar nan:

Rauni a ƙafa mai ruwa, ko wari, ko kumburi, ko da ba ya ciwo.

Yatsa ya yi baƙi, ko ƙafa ta yi sanyi ƙalau ta canza launi.

Rauni a ƙafa tare da zazzaɓi.

Ƙafafu sun rasa ƙarfi cikin ƴan kwanaki, abin yana hawa sama.

Fitsari ya tsaya, ko yana zuba ba a sani ba, tare da ciwon baya.

Kuɗin mota zuwa Madawa ko Tawa yana da nauyi, mun sani. Amma kuɗin jinyar ƙafar da ta ruɓe ya ninka shi, ga kuma gona ba mai noma.

10. Mu taimaki juna

Mai wannan ciwo ba ya samun barci. Rashin barci yana sa faɗa da ɓacin rai, wani har ya fid da rai da samun sauƙi. Maigida, in uwargida ta ce ƙafarta tana ƙuna, ka kai ta awo. Uwargida, in kin ga maigida yana tashi da dare yana zuba ma ƙafa ruwa, ki ba shi shawarar zuwa likita. Yara, ku duba ƙafar kakanninku. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Amma mai ƙunar ƙafa kada ya jira ta. Ranar kasuwa mai zuwa ya biya ta gidan likita.

Tambayoyi don tattaunawa a wurin karatu

1. Jijiya iri nawa muka ambata? Wace ce ke kawo ƙunar ƙafa?

2. Don mi ciwon ke farawa daga yatsun ƙafa?

3. In ƙuna ta kwanta da kanta, ƙafa ta daina ji, an warke ke nan?

4. Ku faɗi abu 4 da ke kawo wannan ciwo.

5. An auna mutum uku da safe. Na farko 0,90. Na biyu 1,18. Na uku 1,60. Wane ne lafiya? Wane ne aka yi ma gargaɗi? Wane ne za a sake auna wa don tabbatar da ciwon sukari?

6. Mai shan maganin tarin fuka ya ji ƙunar ƙafa. Mi zai yi?

7. A garinku, mi mutane suka saba yi ma wannan ciwo? Wanne ne cikin abubuwan nan ke da haɗari?

Aikin rubutu: kowa ya rubuta wannan cikin littafinshi: Zan duba ƙafata kowace rana.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta ma wanda bai iya ba, a fada, a garka, a bakin rijiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.